Kwana Ukku a Bakin Tabkin Madarunfa

Ƴan uwa manoma na Agye, Gazawa da Gidan Runji, in an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, wanda ya samu sarari daga Juma'a zuwa Lahadi ya je ya ga tabkin Madarunfa. Daga Maraɗi sai a yi kudu, tafiyar kamar kilomita 25.

A fito da sassafe, a bi gaɓa da ƙafa tun rana ba ta yi zafi ba. Masunta na cikin kwalekwale suna jan koma, ana fidda karfasa da tarwaɗa, tsuntsayen ruwa kuwa ba su ƙirguwa. Kewaye da tabkin akwai kushewun waliyyai 99 da jama'a ke zuwa ziyara. A cire takalmi, a rage murya. Saboda su da tabkin da dajin wurin ne Nijar ta miƙa sunan Madarunfa ga UNESCO a 2006.

Amma mai tafiya ƙasa yana ganin abin da mai mota ba ya gani. Inda aka sare itatuwa, ruwan damina na kwaso rairayi yana zubawa cikin tabki, zurfi na raguwa. Da rani sai ka taka busasshen taɓo mai nisa kafin ƙafarka ta taɓa ruwa.