Kafin A Rufe Ido

Hoton wani dattijo na gani a jarida, zaune a matakalar kogin Ganges a birnin Varanasi na Indiya, ƙafafu a harɗe, idanu a lumshe, jama'a na ta kai-komo a bayansa. Na daɗe ina tunanin abin da yake nema a wannan zaman na yoga. Yawancinmu da lanƙwasa jiki muka san yoga, musamman tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni a 2014. Amma littafin Yoga Sutra na Patanjali, tushen wannan tafarki a al'adar Hindu, gajerun jimloli ne kusan 195 cikin harshen Sanskrit, kuma uku kacal suka yi bayanin yadda za a zauna. Zuciya ce damuwar Patanjali, wadda ba ta tsayawa wuri ɗaya, kamar akuyar da ta tsinke igiya ranar kasuwa. Matakai takwas ya shimfiɗa, kuma kafin a kai ga daidaita numfashi sai an fara da barin cutar da mai rai, da faɗin gaskiya, da barin sata, da kame sha'awa, da rage tara abin duniya. Wannan jerin ne ya fi taɓa ni. Wanda ya kwana da hakkin wani a wuyansa, ko ya wuni ido a rufe, can hankalinsa zai koma. Shi ya sa Patanjali ya ajiye gyaran hali a matakin farko, zama kuma a na uku.