Musun Gidan Kallo da Lissafin Ɗan Mai Hatsi

Duk wanda ya san unguwannin da ke kewaye da Abuja, irin su Gwagwa da Karmo da Dei-Dei da Nyanya, ya san cewa a ranakun Asabar da Lahadi gidajen kallon ƙwallo sun fi tashar mota cika. Wasan dai minti 90 ne, amma musun da ke biyo bayansa sai ya ci mako guda bai mutu ba. Kuma a 'yan shekarun nan musun ya wuce batun wa ya ci wa, ya koma kan waye mai kulob, nawa ya kashe, kuma 'yan wasan da ke fili sayo su aka yi ko raino. Yaron da bai taɓa riƙe naira dubu ɗari tasa ta kansa ba, sai ka ji yana rantsuwa cewa fam miliyan 60 araha ce. A kan wannan musu nake so mu ɗan tattauna da mai karatu a yau, domin ni ma ina cikin masu yinsa, sai dai ni da idon ɗan mai sayar da hatsi nake kallonsa.

Bari mu fara da masu cewa a kashe kuɗi kawai a kawo kofi. Yawancinsu 'yan Chelsea ne da Manchester City, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Kafin Roman Abramovich ya sayi Chelsea a 2003 a kan kusan fam miliyan 140, sau ɗaya tak ta taɓa ɗaukar kofin lig na Ingila, a 1955. A hannunsa ta ɗauki kofin Firimiya sau biyar, da na zakarun Turai sau biyu, a 2012 da 2021. Da aka sayar da ita ga su Todd Boehly a 2022 a kan fam biliyan 2.5, ba a yi shekara biyu ba sai da aka kashe sama da fam biliyan ɗaya wajen sayen 'yan wasa, har da Moisés Caicedo da aka sayo a 2023 a kan kuɗin da ya kai fam miliyan 115. Ita kuwa City, Sheikh Mansour na Abu Dhabi ya saye ta a 2008, ta kuma ɗauki Firimiya sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024. Idan ka tuna wa ɗan City da tuhume-tuhume 115 da hukumar Firimiya ta yi musu a Fabrairun 2023 kan ƙa'idojin kuɗi, sai ya ce maka hassada ce.

Masu ja da su 'yan Barcelona ne da Arsenal, waɗanda ke alfahari da yaran gida. Ɗan Barcelona ba ya gajiya da tuna maka cewa a 2010 mutum ukun da suka zo kan gaba a kyautar Ballon d'Or, wato Messi da Iniesta da Xavi, duk a makarantar La Masia aka rene su, kuma kulob ɗin mallakin mambobinsa ne. Ɗan Arsenal kuma zai nuna maka Bukayo Saka, wanda ya taso a makarantarsu ta Hale End. Amma su ma akwai inda ake kama su. A 2021 bashin da ke kan Barcelona ya haura Yuro biliyan ɗaya, har ta kasa riƙe Messi ya tafi Faransa, ita kuma Arsenal ta biya fam miliyan 105 a kan Declan Rice a 2023. 'Yan Manchester United nasu kukan daban ne, domin iyalan Glazer sun sayi kulob ɗin a 2005 da kuɗin rance, suka ɗora wa kulob ɗin biyan bashin. A kasuwa ma mun san irin wannan: ka sayi shago da bashi, ka bar shagon yana biyan kuɗin sayen kansa. Sannan ga 'yan Arsenal da suka yi shekaru suna jiran Alhaji Aliko Ɗangote ya saye ta, har zuwa 2024 da ya faɗa a wata hira cewa lokacin ya wuce, farashinta ya kai wajen dala biliyan huɗu, shi kuma ya zuba kuɗinsa a matatar mai.

To, mai karatu, duk wannan musu yana da daɗi, amma akwai abin da ya ɓace a cikinsa, wato mu kanmu. Mahaifina hatsi yake sayarwa, wake da gero da dawa, yana sarowa daga Dawanau da kasuwannin ƙauye yana kawowa Abuja. Tun ina makarantar sakandare nake riƙe masa littafin shago, kuma abu na farko da na koya shi ne buhu ɗaya yana da farashi iri-iri, gwargwadon hannun da yake ciki. Manomi yana sayarwa da kaka, lokacin da kaya suka cika kasuwa, saboda bashin taki da hidimar gida sun matsa masa. Dillali ya karɓi la'adarsa ya tashi. Wanda ke cin riba ta gaske shi ne mai sito, wanda ke da jarin da zai ajiye kayan, ya kare su daga ƙwari da danshi, har damina ta faɗi kaya su yi tsada. Ɗan Adam dai ba buhun wake ba ne, Allah ya karrama shi, amma kasuwar 'yan wasa da wannan lissafin take tafiya. A cikinta mu ne manoman da ke sayarwa da kaka.

Duba labarin Mikel Obi, yaron Jos da ya taka leda a Plateau United kafin ya tafi kulob ɗin Lyn na ƙasar Norway. Da rikici ya ɓarke a kansa tsakanin Chelsea da Manchester United, an sasanta a 2006 da Chelsea ta biya fam miliyan 16: miliyan 12 ga United, wadda bai buga mata ko wasa ɗaya ba, miliyan 4 kuma ga Lyn. Ga kuma Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya wuce VVV-Venlo ta Holland a 2010, ya koma CSKA Mosko a 2012, sannan Leicester ta saye shi a 2016 a kan wajen fam miliyan 16. Kowane hannu da ya shiga, farashi ya ƙaru, amma babban cinikin a Turai aka yi shi.

Misalin da ya fi kusa da mu kuwa a nan Abuja yake. Akwai makarantar ƙwallo da ake kira Football College Abuja, wadda attajirin nan ɗan Italiya mai harkar tashoshin jiragen ruwa a Nijeriya, Gabriele Volpi, ya ɗauki nauyinta, a lokacin kuma shi ne mai kulob ɗin Spezia a can Italiya. Ta nan Umar Sadiq ɗan Kaduna ya bi ya tafi Italiya a 2013, ya shiga Spezia, ya wuce Roma, ya ci ƙwallo biyu a wasan da Nijeriya ta samu tagulla a gasar Olamfik ta 2016, har Real Sociedad ta saye shi daga Almería a 2022 a kan wajen Yuro miliyan 20. Ta nan David Okereke ma ya bi, wanda Spezia ta sayar wa Club Brugge a 2019. Ka ga gona a Abuja, sito a Italiya. Daga baya, a Yulin 2021, bayan Volpi ya riga ya sayar da kulob ɗin, FIFA ta hana Spezia sayen 'yan wasa na wani lokaci saboda karya dokar ɗauko yara 'yan ƙasa da shekara 18 daga Nijeriya, kodayake kotun wasanni ta sassauta hukuncin a 2022. Yaran da suka dace sun dace, Allah ya ƙara musu. Amma a gidan kallo ban taɓa jin an yi musun minti biyar a kan wannan ba, alhali a garinmu abin ya faro.

Me ya sa ba mu da sito namu? Amsar tana komawa kan batun mallaka, wanda muke ta yi a kan kulob ɗin Landan mun manta da na gida. A kakar 2024/2025, cikin ƙungiyoyi 20 da suka buga babbar gasar Nijeriya, in ka cire Remo Stars da Ikorodu City, sauran na gwamnatocin jihohi ne. Ba na raina kulob ɗin gwamnati, domin Kano Pillars ta ɗauki kofin lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, ita kuma Enyimba ta jihar Abiya ta ɗauki kofin Afirka a 2003 da 2004. Matsalar ita ce shagon da mai shi ba ya jin zafin faɗuwa a aljihunsa. Gwamna yana da wa'adi, shugabannin kulob suna sauyawa da sauyin gwamnati, shi kuwa rainon yaro daga shekara 12 zuwa 20 aiki ne na shekara takwas. Wa zai shuka abin da wani zai girbe? Pillars ɗin nan da ta gagari kowa sai da ta faɗa rukuni na biyu a 2022, kafin ta dawo a shekarar da ta biyo. Abuja kuma, mai filin wasa na ƙasa da aka buɗe a 2003 wanda ke ɗaukar mutum dubu 60, ba ta da kulob ko ɗaya a cikin waɗancan 20.

A waccan kakar Remo Stars ce ta ɗauki kofi, kulob na farko mai zaman kansa da ya yi hakan tun bayan Ocean Boys a 2006. Mai shi, Kunle Soname, ya gina filin wasa a garin Ikenne na jihar Ogun, yana da makarantar yara mai suna Beyond Limits, kuma tun 2015 ya sayi kaso mafi tsoka a kulob ɗin Feirense na Fotugal. Wato ya haɗa gona da sito da shago a hannu ɗaya. Na san da yawa a cikinmu za su ce arzikinsa daga kamfanin caca ne, kuma maganarsu tana kan hanya, amma tsarin da ya bi abin koyo ne ga masu kuɗin hatsi da siminti da mai. Sai dai kuma attajiri shi kaɗai ba magani ba ne. Leventis United ta ɗauki kofin lig a 1986, Abiola Babes ta ɗauki kofin ƙalubale a 1985 da 1987, amma ba a kai 1990 ba duk sun watse, domin ranar da mai gida ya janye hannu babu abin da zai riƙe su. Kulob ɗin da ba ya iya ciyar da kansa, ko na gwamna ne ko na alhaji, rumfar kara ce.

Abin da ya sa maganar nan ta dame ni shi ne ina da ƙane ɗan shekara 15 da ba ya da zance sai ƙwallo, kuma gaskiya yana da ƙafa. Kwanakin baya wani mutum ya gan shi a filin unguwa, ya biyo shi har shago da jaka cike da hotunan 'yan wasa, ya ce zai kai shi gwaji Turai idan aka biya kuɗin fasfo da biza da jirgi. Baba bai san Chelsea ba, bai san Arsenal ba. Ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Malam, ni a sana'ata mai son kaya shi ke biya. Ya aka yi a taku mai kaya ne zai biya?" Ni kuma na ce, "Baba, a tambaye shi sunan kulob ɗin da takardar gayyata, domin dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa, sai bisa wasu 'yan dalilai da ba su shafe mu ba." Mutumin ya ce zai dawo da takardu, har yau shiru. Gidaje nawa ne a Gwagwa da Karmo aka sayar da fili ko babur saboda irin wannan alkawari?

Akwai kuma wani haƙƙi da yawancin masu horar da yara a unguwanni ke asara. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi biyar cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. A cinikin fam miliyan 16, wannan kaso fam dubu 800 ne. Amma sai wanda ya yi wa yaro rajista da hukumar ƙwallo, sunansa ya shiga takardar tarihin ɗan wasan, shi zai iya nema. Kocin unguwa da ya yi shekara biyar yana saya wa yara ruwan leda da takalmin gwanjo daga aljihunsa, in ba shi da rajista, ko sisi ba zai gani ba. A shagonmu kayan da ba su shiga littafi ba, sunansu sadaka. Saboda haka muka yanke shawara a gida cewa ƙanena zai ci gaba da karatunsa, kuma ba zai buga wa kowace ƙungiya ba sai mai rajista wadda muka san inda ofishinta yake.

Ban ce a daina kallon Firimiya ba, ni ma ranar Asabar ina kan benci. Roƙona ga 'yan'uwa masu musu shi ne, cikin awa ukun da muke kashewa a kan aljihun Boehly da na Glazer, mu ware ko da rabin awa mu tambayi wa ke da kulob ɗin jiharmu, ko ana biyan 'yan wasansa albashi a kan kari, da kuma inda kuɗin yaran da aka sayar suka shiga. A Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan Kano Pillars, kuma shi ya san hanyar nan tun daga gona har shago, domin da ƙafarsa ya bi ta. Wanda ke da ƙane ko ɗa mai buga ƙwallo, ya je ya ga kocinsa, ya nemi ganin takardar rajista, kuma kada ya ba kowa kuɗin gwaji. Allah ya tsare mana yaranmu, ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.