Jakin da aka aza wa kayan raƙumi

Da aka gama rabon gadon kawuna a Boɗinga, abu guda ya rage wanda babu mai so, wato tsohuwar jitarsa. Kawu malamin firamare ne, ya sayo ta tun yana kwalejin horon malamai. A gida irin namu, inda ake ganin kiɗa sana'ar maroƙa ce, bai taɓa fito da ita zaure ba. Ƙarƙashin gado take kwana, sai dare ya raba yake taɓa ta a hankali. Na ce a ba ni.

Tsirkiya uku kaɗai na tarar a jikinta, na roba, sun yi jaja-jaja don tsufa. Na ɗauka talauci ne ya sa Kawu ya ɗaura mata zaren kamun kifi. Sai na shiga Sakkwato na sayo sababbi na ƙarfe, na ɗaura, na ja har suka kai muryar da ake so. Ranar ta yi amo kamar sabuwa. Bayan mako uku, ana tsakiyar hunturu, na ga fuskarta ta kumbura, ɗan katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kai ya soma ɗagawa ta baya, har takarda tana shiga ƙarƙashinsa.

Aka kwatanta mini wani dattijo a Shagari, wanda ya yi wa mafarauta kiɗan garaya a ƙuruciyarsa, yanzu kuma yana gyaran kayan kiɗa. Bai taɓa gyara jita ba, ya kuma faɗa mini haka. Ya juya ta, ya danna tsirkiya guda da babban yatsa, ya dube ni.

"Ɗana, wa ya aza ma wanga jaki kayan raƙumi?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Jaki dai shi ne sunan da makaɗan garaya da goge ke kiran abin da ke tallafe da tsirkiya, kuma ban san sunan da ya fi wannan dacewa ba. Kafin mu ƙara wata magana ya sassauta duka shidan.

Abin da yatsansa ya gane nan take, ni sai daga baya na karanta lissafinsa. Tsirkiyoyin ƙarfe shida, ko da waɗanda ake kira marasa nauyi ne, suna jan jita da nauyin da ya kai kimanin kilo 70, dare da rana, ko ana kaɗawa ko ba a yi. Na roba ba su cika wuce kilo 40 ba. Katakon fuskar jita kuwa kaurinsa bai kai milimita uku ba a irin tawa. Wato na ɗauki nauyin babban mutum na rataya wa abin da aka ƙera don ɗaukar yaro.

Jita ta daɗe a duniya da tsirkiyar hanjin tumaki. Kamfanin Martin na Amurka bai koma ƙarfe sosai ba sai a shekarun 1920, kuma sai da ya ƙara wa jikin jitar ƙwari. A 1923 ne Gibson ya sami rajistar sandar ƙarfen da ake sakawa cikin wuyan jita don kada ya lanƙwashe. Ta roba ta zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Albert Augustine ya sarrafa nailan don makaɗin Sifaniya Andrés Segovia. Jitar Kawu daga wannan dangin take. Alamunta a fili suke ga wanda ya sani: wuya mai faɗi wanda babu sandar ƙarfe a cikinsa, da jakin da ake ƙulla tsirkiya a jikinsa maimakon a cusa ta a rami a toshe. Irin wannan ba a sa mata ƙarfe ko kaɗan. Wadda aka ƙera don ƙarfe ma, idan ta tsufa, gara a nemo mata mafi siriri, ko waɗanda ake haɗawa da zaren siliki. Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko kwabo: a sauke muryar kowace tsirkiya da mataki guda cikakke, nauyin zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Sai kuma ƙasarmu. Masu ƙera jita suna so ta zauna inda laimar iska take kusan rabi. Hunturun Sakkwato yakan sauke ta ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, katako ya bushe ya tsuke, bazara kuma ta biyo da zafin da ke sassauta manne. Dattijon bai yi mamakin wannan ba, don fatar garayarsa ma da yanayi take tafiya, takan saki da damina, ta ɗaure da rani.

Ya cire jakin, ya kankare tsohon manne, ya mayar, ya ɗaure da tsumma ya ce in ba shi mako guda. Kumburin fuskar bai koma duka ba, kuma ba zai koma ba. Na yi odar tsirkiyoyin roba masu sauƙin ja daga Legas, na ɗaura su ɗaya bayan ɗaya cikin kwana uku, na bar su ƙasa da murya. Da hunturu nakan sa ɗan jiƙaƙƙen soso cikin gwangwani mai huji a akwatinta.

Amonta ya ragu ƙwarai, ba ya ƙetare tsakar gida. Da na kai ta Boɗinga da Sallah, na taɓa ta bayan isha'i a tsohon ɗakin Kawu. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ɗaga labule ta tsaya, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce in tura ƙofa, kada mutanen zaure su ji.