Wasiƙa daga Alƙahira zuwa Kornaka

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya, kai da su Inna da yara. Karatu a Azhar yana tafiya, alhamdu lillahi.

Da aka ba mu hutu, ni da abokai uku muka kwana a mota har Marsa Alam, a bakin Bahar Maliya. Arewa da garin, kimanin kilomita 30, akwai wani lungun teku da ake kira Abu Dabbab. Can na shiga ruwa. Kada hankalin Inna ya tashi: an sa mini riga mai hana nutsewa, da tabarau na ruwa, da bututun da ake kamawa da baki ana numfashi, kuma jagora yana kusa da ni. Ruwan ma yana ɗaga mutum saboda gishiri, wajen giram 40 a kowace lita. Masu nutso da tukunyar iska a baya su suke sauka can ƙasa, ni a sama na tsaya, fuska cikin ruwa.

Yaya, ashe akwai makiyaya a ƙarƙashin teku! Ciyawa ce shimfiɗe a kan yashi, ga kunkurun teku yana kiwo a kai, ya sunkuyar da kai yana tsinka kamar saniya a farkon damina. Babbansu yakan wuce kilo 100. Ba irin namu na daji ba ne mai haƙa rami. Hannuwansa kamar fukafukai suke, kuma ba ya iya maida kai cikin ƙoƙo. Can sai ya taso, ya wuce ta gabana, ya leƙa sama ya shaƙi iska, ya koma. Na yi tasbihi a zuci. An hana taɓa su, kuma na ga dacewar haka, don dabbar da ke cin abincinta ba ta son a dame ta. Macen kunkurun takan koma yankin da aka ƙyanƙyashe ta, ta binne ƙwai wajen ɗari a yashi, bayan kusan wata biyu su fashe.

A gefe kuma ga murjani, dangin wanda mata ke ratayawa. Na ɗauka dutse ne, ashe ƙananan halittu ne masu rai suke gina shi a hankali, kifaye kala-kala na zaune a ciki. In ruwa ya yi zafi fiye da kima sai ya koɗe ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. Da jagoran ya faɗi haka, gonakinmu na tuna a shekarar fari.

Roƙona ɗaya, Yaya. In yara suka tsinci kunkuru a daji, kada su kawo shi gida su ɗaure ko su kai kasuwa. Namu ma ya yi ƙaranci. Ka sa su bar shi inda suka gan shi.

Ka gaida Inna da kyau, ta ci gaba da sa mini albarka.

Naka,
Ƙaninka