Wasiƙa daga Korsika: ba tsallaka teku nake ba

Porto, tsibirin Korsika, watan Satumba

Yaya,

Ya damina? Allah ya sa gero ya yi.

Na zaɓi in rubuta ne don ka karanta wa Inna a tsanake. Na ji hoton nan ya zaga daga Birni har Zango, wai an gan ni cikin ɗan kwale-kwale a tsakiyar teku. Wasu sun ce takarduna sun mutu ina neman gudu Italiya, wasu sun ce na watsar da karatu na koma su. Ko ɗaya babu. Karatuna na nan a jami'ar Corte, takarduna lafiya lau. Hutu aka yi na samu aiki, don dokar Faransa ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aikin awa 964 a shekara. Wurin da aka ɗauki hoton kuwa, da na jefa dutse zai faɗa kan tudu.

Ina aiki ne wurin wani mai ba da hayar kayak. Jirgi ne siriri na roba mai tauri, tsawonsa kamar mita biyar, faɗinsa da kyar ya wuce ƙugun mutum. Ka zauna cikin rami ka miƙe ƙafa, ka ɗaura wani zane mai hana ruwa a ƙugu ka rufe bakin ramin da shi, sannan ka tuƙa da filafili mai baki biyu. Ni ke jan su zuwa bakin ruwa da safe, in raba rigunan ceto, wani lokaci in bi bayan ayari kada wani ya rage. Da yamma in wanke musu gishiri da ruwan famfo. Yaya, ruwan sha mai kyau nake kwarara wa roba yana bin yashi, ina tuna Inna tana leƙen mai ga-ruwa a watan Afrilu. Har yau hannuna bai saba ba, sai maigidan ya ce in ƙara.

Fitar rabin yini kusan jika talatin ce a kuɗinmu, kowane mutum. Ya biya, ya tuƙa kansa da kansa, rana ta gasa shi, ya dawo kafaɗa na ciwo yana godiya. Amma ka gaya wa Kawu ya daina juya albashina zuwa sefa. Ya juya kuɗin ɗaki tukuna, da na abinci, don kusan komai a jirgin ruwa ake kawo shi tsibirin nan, kuma kuɗin jirgin a kan mai saye yake sauka.

Gaɓar Korsika ta kai kilomita dubu in an bi kowane lungu, kuma akwai masu kewaye ta duka da kayak, su yi sati uku ko wata. Gabas, kudu da Bastia, yashi ne shimfiɗe, ba abin kallo. Yamma ake rububi. Daga nan Porto hanya biyu muke bi. In aka yi kudu sai a bi ƙarƙashin duwatsun Piana har Capo Rosso, jajaye wur, tsaye daga cikin ruwa, da koguna da ƙofofin da kayak kaɗai ke iya shiga. Ciki sai ka ajiye filafili ka tura bango da hannu, ruwan ƙarƙashinka garau har kana ƙirga duwatsun ƙasa. In aka yi arewa sai Girolata, ƙauyen da mota ba ta zuwa, sai ta ruwa ko da ƙafa ta kan dutse. Gaba da shi Scandola, wurin da aka keɓe tun 1975, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1983. Can baƙo ba ya kamun kifi, ba a sauka, ba a kwana, ko tsakuwa ba ka ɗauka. Akwai wata gaggafa mai cin kifi da ke sheƙa a kan duwatsun, an hana kusantar ta lokacin ƙwai. Abin da ya burge ni, ko ba jandarma a wurin mutane na kiyayewa. Abin da ya ba ni haushi, manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido suna wucewa da ƙarar inji da lasifika, mu masu filafili ake wa wa'azin kada mu firgita tsuntsu.

Kan kusan kowane tsinin dutse akwai hasumiya. Mutanen Jenowa, masu mulkin tsibirin kafin Faransa ta karɓe shi a 1768, su suka gina su tun ƙarni na 16, saboda maharan da ke zuwa daga arewacin Afirka suna kwasar mutane bayi. In aka hango jirgi sai a kunna wuta, ta gaba ta gani ta kunna. Aikin da ganuwar Sarki Tanimun ta yi wa Damagaram ke nan, sai dai da yawan nasu na tsaye har yau ana gyara su, tamu kuwa ka san abin da ya rage.

Mutanen nan wasa suke da teku, amma tsoronta suke ji fiye da mu. Ba mai taɓa jirgi da safe sai an duba labarin iska. Da sassafe ake fita, don bayan azahar ruwa ke tashi. In iskar kudu maso yamma da suke kira libecciu ta taso, maigidan ya mayar wa kowa kuɗinsa, ko wane ne. Ƙaramin jirgin wasa ba ya wuce mita 300 daga gaɓa. Irin namu mil biyu ne na teku, wato ƙasa da kilomita huɗu, daga wurin fakewa, kuma mai son wuce haka sai da ƙarin kayan tsaro. Kowa da rigar ceto, jagora da rediyo a tasha ta 16, kowa ya haddace lambar ceto 196. Duk da haka, safiyar 18 ga Agusta 2022 guguwa ta faɗo wa tsibirin da gudun sama da kilomita 200 a awa, mutum biyar suka rasu, cikinsu har da masunci a Girolata da wata mai kayak a Erbalunga. Can kudu kuma, a mashigin Bonifacio, inda tsakanin Korsika da Sardiniya bai fi kilomita 12 ba, jirgin yaƙin Faransa Sémillante ya daki duwatsun Lavezzi a Fabrairun 1855 da mutum wajen 700, ba wanda ya fita. Kaburburansu na nan kan tsibirin, masu kayak na tsayawa su gani.

Sanyi kuwa, ka bar shi. A watan Mayu aka koya mini kifewa da komawa cikin jirgi. Da na faɗa ruwa numfashina ya ɗauke, yatsuna suka ƙi kama igiya, alhali rana na sama. Na Corte da hunturu ba na ma son tunawa.

Akwai wata tsohuwa da ke zuwa, ta haura saba'in. Ita ke ɗaukar filafilinta, in na miƙa hannu in taimaka sai ta harare ni. Tana tuƙi ta bar samari a baya. Na yi sha'awar ƙarfinta ƙwarai, a gida da tuni mun zaunar da ita kan tabarma mun hana ta ko ɗaga buta. Sai ran nan ta ce mini ita kaɗai take kwana a gida, 'ya'yanta na Marsai, sai bikin ƙarshen shekara suke zuwa. Ta faɗe shi ko a jikinta. Yaron da ke aiki da mu kuma sunanta yake kira gatsau. Ni dai Madam nake ce mata, ina rusunawa, tana dariya.

Yanzu maganar Auta. An ce tun da ya ga hoton yake cewa tekun ma ashe ba wani abu ba ne, ga shi an soke dokar 2015 mai hana safarar 'yan ci-rani a Nuwamban 2023, motocin Agadas na tashi a fili. Ka zaunar da shi, ba gaban Inna ba. Ka gaya masa wannan tekun na Bahar Rum dai shi ne wanda ake tsallakawa daga Libiya. Mu nan da rediyo da rigar ceto da jirgin agaji a kusa, ba ma yarda mu yi nisan kilomita huɗu. Daga gaɓar Libiya zuwa Lampedusa kusan kilomita 300 ne, a jirgin da aka hura da iska, mutum sama da ɗari a ciki, da dare, ba mai duba labarin iska sai mai ƙirga kuɗi. Ran 3 ga Oktoba 2013 mutum fiye da 360 suka nutse ana hango fitilun Lampedusa. A cikin watan nan ne kuma aka tsinci gawa 92 a hamada bayan Arlit, yawancinsu mata da yara daga Kance, nan kusa da mu. Su ko teku ba su gani ba. Auta ko tafkin Gidimuni bai taɓa shiga ba.

In karatu yake so, ya gama jarrabawarsa da sakamako mai kyau tukuna. Bizar Faransa ta yi wuya tun 2023, ba zan ɓoye masa ba, amma akwai guraben Maroko da Aljeriya da Turkiyya, ya riƙa bin sanarwarsu. Ya yi fasfo tun yanzu, ya tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kowace takarda, don harafi guda na iya mayar da mutum baya shekara. Kada ya ba kowa ko dala kan alkawarin hanya. In kuma sana'a yake so, in na karɓi kuɗin ƙarshen wata zan sa hannu a maganar teburin nan na Kasuwar Dole, kai ma ka sa naka, amma kuɗin a hannunka zai zauna.

Akwai wani ɗan Maraɗi da zai taso wata mai zuwa, zan turo maka lambarsa. A haɗa mini kuka da daddawa da yaji, a ɗaure sosai. Kada a sa kilishi, a filin jirgi za su ƙwace. Ka gai da Inna, ka ce ina neman addu'a. Ka gai da Kawu da Gwaggo da matarka da yara.

Naka,
Ƙanenka