Waɗanda suka kai ajin ƙarshe

Shekara 13 yaro yake yi a lakwal kafin ya kai ga jarrabawar bak, in bai maimaita aji ko ɗaya ba. Shida a firamare, huɗu a kwaleji, uku a lise. Manomi ya san abin da wannan yake nufi, damina 13 ce. Makiyayi ma ya sani. Maraƙar da aka haifa ran da aka rubuta yaro, kafin ya gama karatu ta tsufa, jikokinta suna cikin garke.

A wani ƙaramin lise na ƙasar Dakoro, cikin jihar Maraɗi, ƴan ajin ƙarshe na shekarar 2025 ba su da yawa. Kowa ya san ƙauyen kowa, ya san sunan uban kowa. Ƴan matan cikinsu kuwa, yatsun hannu ɗaya sun isa a ƙirga su. Yawancinsu an rubuta su a watan Oktoba na 2012. Da dama cikinsu haihuwar 2005 ne, shekarar yunwar da ta biyo bayan ƙarancin ruwa da farar da ta cinye gonaki a 2004. Dakoro tana cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Wasu cikin samarin nan masu gemu, a goye uwayensu suka kai su wurin jinyar tamowa. Su ba su tuna ba, labari aka ba su.

Da aka rufe darasi, ya rage ƴan kwanaki a shiga jarrabawa, sai suka riƙa taruwa da marece ƙarƙashin bedi don bitar karatu. Amma bitar ba ta daɗewa. Wani zai rufe kaye ya ce, kun tuna wane? Shi ke nan, hira ta ɓalle.

Abin da suke fara tunawa abin dariya ne. Ƙarfen tayar mota da aka rataye a icce, ana buga shi da dutse a shiga aji. Akuyar da ta riƙa cin zanar aji har ta leƙo kai ana tsakar lissafi. Yaron da mushe ya tambaya sunansa da Faransanci, shi kuwa ya maimaita tambayar da ƙarfi, yana tsammani abin da ake so ke nan. Akwai ɗan makiyayi guda cikinsu, daga arewacin kwarin Tarka. Shi ran da aka kai shi lakwal Filatanci kaɗai yake ji. Hausa a filin wasa ya koye ta, Faransanci a cikin aji, duka biyu a shekara guda. Har yanzu suna yi masa tsiya da ranar da ya ce ya ga raƙumin dawa da idonsa, suka ƙaryata shi. Ashe gaskiya ya faɗa: a 2018 an ɗauko waɗansu daga Kure an kai su dajin Gadabeji.

Ajin zana kuwa, in an gama dariyar akuya, ba abin dariya ba ne. Ba a samun kara sai an gama girbi, saboda haka karatun ƙauye ba ya kankama sai wajen Nuwamba. Ruwan farko da iskarsa su ne suke rufe shi. Yaron ajin zana yana rasa watanni a gaba, yana rasa wasu a baya, kowace shekara. Suna aji na huɗu a kwaleji lokacin da gobara ta tashi cikin azuzuwan zana a garin Maraɗi, ran 8 ga Nuwamba 2021, ta kashe yara ƙanana fiye da 20. Sun ce ranar kowa ya tuna ƙannensa da ya baro a ƙauye, cikin irin wannan rumfa.

Amma maganar da ta fi daɗewa a bakinsu ba ta aji ba ce. Maganar masauki ce.

Firamare tana kusa da gida. Yaro ya sha hurar uwarsa ya tafi, da azahar ya dawo. Kwaleji ba haka take ba. Ko da yake an ƙara buɗe su a garuruwa irin su Kornaka, ƙauyuka da ruggage da yawa suna nesa da kowace. Lise ya fi haka nisa. Yaro mai shekara 13 dole ya bar gida. Uba zai ɗora buhun hatsi a amalanke, da tabarma, da ɗan akwati, ya kai shi gidan wani dangi ko abokin cin kasuwa. Ya durƙusa a zaure ya ce: "Alhaji, ga ɗanka nan na kawo maka. Amana ce." Mai gida ya ce: "Haba malam, ɗa na kowa ne. Allah ya ba mu ikon riƙewa." A yi fatiha, uba ya juya. Daga ranar nan karatun yaro ba a hannun mushe kaɗai yake ba. Rabinsa yana hannun gidan nan.

Kowannensu yana da labarin gidansa. Wani ya faɗa gidan da aka haɗa shi da ƴaƴan gida, kwano guda, bulala guda. Wani kuwa tun asuba yake jan ruwa, ya cika randunan mata uku, ya kai bisashe bakin gari, sannan ya ruga lakwal ya tarar an rufe ƙofa. Mushe ya rubuta shi cikin malalata. Wata yarinya ta ce shekara biyu ta yi tana ɗaukar talla da marece, ba ta buɗa kaye sai kowa ya yi barci, da tocila a ƙarƙashin zane. Waɗansu samari biyar da suka rasa gida, ɗaki suka kama haya. Kowa ya kawo tiyoyinsa daga ƙauye, suna girki bi da bi. In hatsi ya ƙare kafin ranar kasuwa, sai garin rogo da ƙuli. In shi ma babu, sai ruwa.

Bai kamata a yi saurin zagin masu masauki ba, kuma yaran da kansu ba su zage su ba. Mutumin gari shi ma rumbunsa yana ƙasa da bazara. Buhun da uba ya kawo a Oktoba ba ya kai Fabrairu, kuma ba kowane uba yake iya kawo na biyu ba. Mai gida yana da kunya, ba zai aika a ce hatsi ya ƙare ba. Sai fuska ta canza, tuwo ya ragu, aiki ya ƙaru. Yaro ba wawa ba ne, yana gani. Wata rana sai ya naɗe tabarmarsa ya bi motar kasuwa, a ce ya gudu daga lakwal.

Ɗan makiyayin nan shi Allah ya haɗa shi da wata tsohuwa mai sayar da hura. Ba danginsa ba ce, ba ma yarensu ɗaya ba. A wurin uwarsa take sayen nono tun da daɗewa, sanayyar ke nan. Ɗaki guda gare ta da ƴar rumfa. Ta ba shi rumfar, lokacin ɗari ta shigar da shi ɗaki. Inna yake ce mata, ita kuwa ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai "ɗan Hillo". Ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Amma duk ran da aka ba da sakamako sai ta sa ya karanta mata, ta tambaya mutum nawa ne a gabansa. In ya ce huɗu, ta ce su huɗun nan hura biyu suke sha? Shekara bakwai ya yi a gidanta.

Ubansa ba ya noma. Can arewa ƙasar kiwo ce, tun 1961 doka ta shata iyakar da gona ba ta wucewa, ko da yake gonaki sun daɗe da tsallake ta. Saboda haka ba shi da buhun da zai ɗauko daga rumbu. Akuya yake kaiwa kasuwar Sakabal, ya sayar, ya auni hatsi ya aika. Da rani kuwa akuya ba ta da daraja, hatsi yana da tsada. Shekarar da wansa ya tafi biɗa, an rasa mai kora jakai a bakin rijiya, kuma rijiyoyin can masu zurfi ne, mutum ɗaya ba ya shayar da garke. Uban ya zo da niyyar ɗaukar shi. Tsohuwar ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama masa hura, ta ce: "Malam, ka bar mini shi zuwa kaka. In babu hatsi bana, kar ka kawo." Ƙanwarsa ce ta karɓi igiyar jakan. Ita ba a taɓa rubuta ta lakwal ba. In ya zo nan a labarin, ba ya ɗaga kai.

Daga nan sai su shiga ƙirgar waɗanda babu. Wannan ƙirga ta fi ta waɗanda suke zaune tsawo. Abin da ya fi damunsu shi ne, ba marasa ƙoƙari ne suka fara fita ba. Duk sun yarda cewa wanda ya fi su lissafi ba ya cikinsu. Suna aji na biyu a kwaleji cutar korona ta zo, aka rufe makarantu daga 20 ga Maris zuwa 1 ga Yuni 2020. Ya koma ƙauye, ya tarar babu abin yi, ya bi kawunsa Agadas, daga can ya wuce wurin haƙar zinariya a Jado. Da aka buɗe lakwal bencinsa ya zauna wayam. Yakan kira su a salula wani lokaci. Ya riga su sayen babur. Ya tambaye su wane darasi ake yi yanzu, in sun fara faɗa masa sai ya canza magana.

Akwai kuma yarinyar da ta riƙa zuwa ta ɗaya tun daga firamare. Gidan gwaggonta take zaune. Gwaggon ta rasu ana saura shekara guda a yi jarrabawar BEPC, wadda ake ce ma birebe. Uban ya zagaya gari kwana biyu, bai samu gidan da hankalinsa ya kwanta da shi ba. Ya mai da ta gida. Kafin kaka aka ɗaura mata aure. Tun Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴaƴa mata, kuma doka ce mai kyau. Amma doka ba ta shimfiɗa tabarma, ba ta tsaron ƙofa da dare. Mutumin nan ba maƙiyin boko ba ne, shi ya kai ta da ƙafarsa. Tsoro ya ji, irin wanda duk mai ɗiya budurwa a garin da ba nasa ba ya sani. Ƴan matan da suka kai ajin ƙarshe, in aka duba, kusan duk iyayensu a cikin gari suke, ko suna da ƴar'uwa ta jini a can.

Malamai ma an tuna da su, na kirki da waɗanda ba a so. Yawancinsu ƴan kwantaragi ne, kuɗinsu yana jinkiri, yajin aiki ya ci makonni. Amma akwai wani mushen lissafi da ya riƙa tara su da dare a ƙofar ɗakinsa, da guntun allo da fitila, bai taɓa karɓar dala ba. Shi ma baƙo ne a garin, shi ma a gidan wani ya yi nasa karatun.

Shekarun lise ba su zo da sauƙi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Najeriya, kaya suka yi tsada, kuma mutumin jihar Maraɗi ya san abin da rufe wannan iyaka yake nufi ga tukunyarsa. A 2024 ruwa ya yi yawa, gidaje suka rushe, aka sauke mutane cikin azuzuwa. Aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Shekararsu ta ƙarshe da gurguwar ƙafa ta fara. A watan Maris 2025 kuma suka ji a rediyo cewa an mai da Hausa harshen ƙasa. Suka yi murna, suka koma kan littattafansu na Faransanci, don da shi za a tambaye su.

Sun san ba duka za su ci bak ba. Ba a taɓa yin shekarar da kowa ya ci ba. Wanda ya faɗi, ko ya maimaita in mai masauki ya yarda da ƙarin shekara, ko ya ɗauki hauya, don jarrabawar tana faɗowa daidai lokacin shuka da noman fari. Wanda ya ci kuwa, sai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, ko ta Abdu Mumuni a Yamai, ko Tawa, ko Damagaram. Tambayar da suke yi ma juna ba wane fanni za ka karanta ba ce. Wa ka sani a can?

Ɗan makiyayin bai san kowa a Maraɗi ba. Ya ce sai ya ga sakamako tukuna zai yi wannan tunani. Abin da ke gabansa shi ne rumfar tsohuwa. Tun kafin ya kwashe kayansa iyaye uku sun zo gaishe ta, kowa da yaron da zai shiga kwaleji a Oktoba. Biyu maza, ɗaya mace. Tsohuwar ƙafa ta fara ba ta wahala, hurar ma ba kullum take damawa ba. Ta ce mutum ɗaya za ta iya ɗauka. Ya roƙe ta ta ɗauki macen. Ta ce sai ta yi shawara da ɗanta da ke Libiya, don shi yake aiko kuɗin hatsi yanzu.