Yini Ɗaya Tsakanin Hiroshima Da Tsibirin Miyajima

 

Ya kai mai karatu, ina neman afuwa bisa shirun da ka ji kwana biyu. Tafiya ce ta kama ni zuwa Japan, inda ƙanina yake karatu, kuma cikin duk kwanakin da na yi a can, yini ɗaya ne ya ƙi barin zuciyata.

Sunan Japan ba baƙo ba ne a gidanmu. Kakanmu, Allah Ya jiƙansa, yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kwasa zuwa Bama don yaƙar Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Muna yara yakan ba mu labarin ranar da aka ce musu an jefa wa Japan wani bam wanda ba a taɓa ganin irinsa ba, har ta miƙa wuya. Ya ce kwana suka yi suna murna, domin sun san za su sake ganin gida. Saboda haka na tashi ina ɗaukar wannan bam a matsayin abin da ya dawo mana da kakanmu. Da wannan tunani na shiga Hiroshima.

Abin da muka fara cin karo da shi shi ne kangon nan mai ƙubba a bakin kogin Motoyasu. An kammala ginin a 1915, kuma dā zauren baje kolin kayan masana'antu ne. Ranar Litinin, 6 ga Agusta 1945, da ƙarfe 8:15 na safe, jirgin yaƙin Amurka ya saki bam ɗin, ya fashe a sararin sama kimanin mita 600 daga ƙasa, kusan a saitin wannan gini. Da yake ƙarfin fashewar daga sama ya danno, wasu bangayen suka tsaya, amma duk wanda ke ciki ya mutu nan take. Kafin ƙarshen shekarar, an ƙiyasta mutum 140,000 sun rasa rayukansu.

A gidan tarihin da aka buɗe a 1955 ne jikina ya yi sanyi. Na ga matakalar dutse ta wani banki da inuwar mutumin da ke zaune a kanta, shi ya tafi, inuwar ta saura. Na ga keken wasa na yaro ɗan shekara uku, da kwanon abincin wani ɗalibi, abincin ya zama gawayi. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne yagaggun kayan makaranta. A safiyar nan an fito da dubban ɗalibai, mafi yawansu 'yan shekara 12 zuwa 13, suna aikin share gidajen da aka rushe don hana gobara yaɗuwa. A fili bam ya same su. Wallahi, mai karatu, sa'o'in 'yan ajina ne. Na tsaya gaban wata ƙaramar riga, sai ga fuskokin ɗalibaina na Islamiyya suna gilmawa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda kullum nake yi wa faɗa kan makara.

Ƙanina ya dafa ni, ya ce, "Yaya Malam, mu fita ka sha iska."

Na ce, "Bari na ƙarasa. Kaka ya ba mu rabin labarin, ga sauran rabin."

Ban zargi kakanmu ba. Mutum ne da aka ɗauke shi zuwa yaƙin da ba nasa ba, kuma abin da idonsa ya gani ya faɗa. Ban kuma manta da irin ta'asar da sojojin Japan suka yi ba, kamar ta Nanjin a 1937. A cikin lambun ma akwai dutsen tunawa da Koriyawan da bam ya kashe, waɗanda da yawansu aikin dole ya kawo su birnin. Sai dai laifin masu mulki da masu bindiga ba ya hawa kan yaron da ya fito da kwanon abincinsa. Na sha karantar da wasiyyar Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, ga rundunar da ya tura Sham, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, ya hana sare itatuwa masu 'ya'ya, ya ce a ƙyale masu ibada a wuraren ibadarsu. Dā ina karantar da ita kamar darasin hadda. Sai a ranar na gane nauyin kowace kalma a cikinta.

Kafin mu fita muka tsaya a gaban wani tudu mai ciyawa. A ƙarƙashinsa akwai tokar mutum kusan 70,000 waɗanda ba a gane su ba, ko ba a sami danginsu ba.

Da rana muka hau jirgin ƙasa na kusan rabin sa'a, sannan jirgin ruwa na minti goma zuwa Miyajima. Tun daga nesa ake hango jar ƙofar nan a tsaye cikin teku. Tsayinta ya kai mita 16, an kafa ta a 1875, kuma ba a binne ƙafafunta ba, nauyinta ne ke riƙe da ita. A bayanta wurin bautar Itsukushima yake, na addinin Shinto, wanda Taira no Kiyomori ya gina a wannan siffa a 1168, bisa turaku, ta yadda idan ruwa ya kawo sai ka ga kamar yana yawo a kan teku. Bareyi na yawo cikin mutane ba tsoro. Ɗaya ma ta fizge taswirar da ke hannuna ta cinye.

Da muka iso mashiga, ƙanina ya tambaya ko ya halatta mu shiga. Na ce masa malamai sun yi saɓani kan shiga wuraren bautar waɗanda ba Musulmi ba, amma ni zuciyata ta fi natsuwa da tsayawa a waje. Ruwa ya janye a lokacin, sai muka taka kan yashi har gindin ƙofar. Daga nan na hango wani dattijo ya rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, ya sake rusunawa. Na gode wa Allah da ni'imar tauhidi, wadda ba wayona ya ba ni ita ba. Na kuma tuna cewa a Suratul An'am an hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, sai na kame bakina da zuciyata daga izgili. Wa ya san ko wannan dattijo yana da 'yan uwa a ƙarƙashin tudun da muka baro?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a tsibirin nan ba a binne mamaci. A al'adarsu tsarkin wurin bai yarda da haihuwa ko mutuwa ba, har a dā akan ƙetarar da mai naƙuda da wanda ya kusa cikawa zuwa ɗaya gaɓar. Ka duba fa, da safe ina birnin da ya zama maƙabarta cikin ƙiftawar ido, da yamma ina tsibirin da aka hana mutuwa masauki, tsakaninsu bai fi kilomita 20 ba. Wancan ya ƙera mutuwa ya aika wa ɗan uwansa, wannan yana kore ta daga ƙofarsa, ita kuwa tana hannun Wanda Ya halicce ta.

Muka sami wani gefe can nesa da jama'a, muka shimfiɗa rigunanmu, muka haɗa Azahar da La'asar ƙasaru. Na yi wa kakanmu addu'a, na roƙa wa ɗalibaina tsari.

Idan Allah Ya kai mu Asabar, zan ajiye darasin Fiƙihu na ba su wannan labari, duka ɓangarorinsa biyu. Allah Ya kare mu daga zalunci, da yin murna da shi a rashin sani. Amin.